Na ƙarfe ko na nama: yadda wata matar Agege ta zaɓi bawul ɗin zuciya

Matar da wannan nazari ya shafa 'yar shekara 27 ce a lokacin da mijinta ya kawo ta asibitin da nake aikin jinya a sashen masu ciwon zuciya, a nan Legas. A Agege aka haife ta, a nan ta yi aure, mijinta kuma dillalin shanu ne a mayankar Oko-Oba, suna da 'ya ɗaya mai shekara 4. Na sakaya sunanta da na asibitin. Ta zo numfashinta yana sama-sama, ƙafafunta a kumbure, idan aka danna ƙaurinta da yatsa sai wurin ya loɓa ya daɗe bai ciko ba. Ba ta iya hawa bene ɗaya sai ta tsaya ta huta, da dare kuwa sai ta jera matashi uku ta jingina kafin barci ya ɗauke ta, domin da zarar ta kwanta sosai tari yake taso mata. Kusan shekara biyu ana yi mata maganin asma a kemis, ana haɗawa da jiƙe-jiƙe, ba wanda ya ɗora abin awo a ƙirjinta ya saurara da kyau.

Hoton zuciya da ake kira eko ya nuna inda matsalar take. Zuciya tana da bawul huɗu, kowanne kamar ƙyaure ne da yake buɗewa jini ya wuce, ya rufe kada ya dawo. Wanda ya lalace a jikinta shi ne maitiral, wanda yake tsakanin ɗakin sama da ɗakin ƙasa na ɓangaren hagu. Faɗin ƙofarsa a jikin mai lafiya yakan kai murabba'in santimita 4 zuwa 6, idan ya sauka zuwa 1.5 ko ƙasa da haka ana ɗaukarsa a matsayin tsukewa mai tsanani, nata kuwa ya yi ƙasa da hakan. Bayan tsukewar yana kuma yoyo, leɓɓansa sun yi kauri sun ƙandare. Da likita ya tambayi mahaifiyarta ko yarinyar ta taɓa yin zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi tana ƙarama, sai ta ce ƙwarai, tana wajen shekara 10 ta yi jinyar da gwiwa take kumbura yau, gobe ciwon ya koma idon sawu, aka ce sanyi ne. Wannan ita ce hanyar da cutar take bi. Ƙwayar cuta mai suna sitiraptokokas tana kama maƙogwaron yaro, idan ba a kashe ta da fenisilin ba sai garkuwar jiki, a garin yaƙi da ita, ta far wa bawul ɗin zuciya, ɓarnar kuma ba ta fitowa fili sai bayan shekaru, sau da yawa sai mace ta ɗauki ciki. Fiye da mutum miliyan 40 ne ke fama da ita a duniya. Binciken REMEDY da aka wallafa a 2015, wanda ya bibiyi majinyata sama da 3,000 a ƙasashen Afirka da Indiya da Yaman, ya sami matsakaicin shekarunsu 28, kashi biyu cikin uku kuma mata ne. Wato wannan matar tana tsakiyar waɗanda cutar ta fi kamawa.

An fara duba ko za a iya buɗe bawul ɗin da balan-balan ta jijiya ba tare da tsaga ƙirji ba, amma yoyon da ƙandarewar sun hana. Gyara ma likitan fiɗa ya ce ba ya ganin zai ɗore. Saura canji, kuma a nan ne aikin ya zama na shawara.

Ranar da aka zauna da iyalin, ni ce mai fassara, domin matar da mahaifiyarta sun fi sakewa da Hausa. Likitan fiɗa ya fito da samfuri biyu ya ajiye a kan tebur. Na farko zobe ne mai ƙyamare biyu baƙaƙe masu ƙyalli, idan aka karkata shi sai su buɗe su rufe da 'yar ƙara kamar ta agogon hannu. Mutane suna ce masa na ƙarfe, ko da yake ƙyamaren nasa da wani nau'in kabon mai tsananin ƙarfi ake yin su. Asalinsa yana komawa ga 1960, lokacin da likita Albert Starr ya sa wa majinyaci bawul mai ƙwallo cikin keji da suka ƙera tare da injiniya Lowell Edwards a Amurka, mai ƙyamare biyun kuma kamfanin St. Jude Medical ne ya fito da shi a 1977. Na biyu fari ne mai laushi, leɓe uku a ɗinke a jikin zobe. Shi ne na nama, ana yin sa da bawul ɗin zuciyar alade ko kuma da tantanin da yake lulluɓe da zuciyar saniya, bayan an jiƙa shi a wani sinadari da yake kashe ƙwayoyin halittar da ke cikinsa ya kuma ƙarfafa shi, hanyar da likitan Faransa Alain Carpentier ya kafa a ƙarshen shekarun 1960. Mijin ya ɗauki wannan ya jujjuya a hannunsa, ya ce ya san tantanin nan sarai, kullum yana ganin mahauta suna yaye shi suna jefarwa.

Bambancin su biyun a taƙaice yake, nauyinsa ne yake da yawa. Na ƙarfe ba ya tsufa, yana iya kai mutum ƙarshen rayuwarsa, sai dai jini yana son daskarewa a jikinsa, don haka dole mai shi ya sha maganin tsinka jini mai suna warfarin kowace rana har abada. Idan maganin ya yi kaɗan gudan jini zai iya maƙale ƙyamaren ko ya ɓalle ya tafi ƙwaƙwalwa ya jawo shanyewar ɓarin jiki, idan ya yi yawa kuma jini zai iya ɓallewa a ciki ko a kai. Ana auna wannan da gwajin jini da ake kira INR. Na mai lafiya yana wajen 1, mai bawul ɗin ƙarfe a maitiral kuwa ana son nasa ya zauna tsakanin 2.5 da 3.5. Sababbin magungunan tsinka jini da ba sa bukatar wannan gwaji ba su maye gurbinsa ba: an gwada ɗaya daga cikinsu mai suna dabigatran a binciken RE-ALIGN da aka wallafa a 2013, aka tsayar da binciken tun bai ƙare ba saboda daskarewar jini da zubarsa duka sun fi yawa a cikin masu shan sa. Na nama kuwa ba ya bukatar warfarin sai na 'yan watannin farko, amma yana tsufa. Kalsiyam yana taruwa a leɓɓansa har su ƙandare ko su yage. A jikin dattijo yakan yi shekara 10 zuwa 15 ko fiye, a jikin matashi kuwa ya fi saurin lalacewa, musamman a maitiral, har yana iya gazawa kafin shekara 10. Wanda aka sa wa shi yana da shekara 27 ya san cewa za a sake buɗe ƙirjinsa.

Idan shekaru kaɗai za a duba, babu wata muhawara. Ƙa'idojin ƙungiyoyin likitocin zuciya na Amurka na 2020 da na Turai na 2021 duka sun karkata ga na ƙarfe a maitiral ga wanda bai kai shekara 65 ba. Wani babban bincike daga jihar Kalifoniya da aka wallafa a 2017 ya nuna cewa masu bawul ɗin ƙarfe a maitiral sun fi tsawon rai har zuwa wajen shekara 70. A kan wannan mijin ya tsaya, kuma hujjarsa mai ƙarfi ce. Ya sayar da shanu, abokan sana'arsa sun yi masa karo-karo, 'yan'uwa daga Arewa sun aiko da abin da ya samu, kafin miliyoyin nairar da aikin yake ci su haɗu. Ya ce, "Likita, ni dai a sa mata wanda za a yi sau ɗaya a huta. Wannan kuɗin da ƙyar muka haɗa shi, ban san halin da zan kasance nan da shekara goma ba." Likitan fiɗa ma can zuciyarsa ta fi karkata, domin ya ce ya sha ganin matan da aka sa wa na nama sun dawo bayan shekaru bawul ɗin ya gaza, babu kuɗin aiki na biyu, ana kallonsu ba yadda za a yi. Tun a 1974 aka fara tiyatar buɗe zuciya a Najeriya, a asibitin koyarwa na Inugu, ƙarƙashin Farfesa Fabian Udekwu tare da likitan fiɗar zuciya Magdi Yacoub, asibitin koyarwa na jihar Legas da ke Ikeja kuma ya fara a 2004, amma har yau yawancin iyalai daga aljihunsu suke biya. Aiki na biyu kuma ya fi na farko wuya da haɗari, saboda tabon da yake manne zuciya da bayan ƙashin ƙirji.

Duk wannan zaman matar ba ta ce komai ba. Kanta a sunkuye, tana wasa da bakin hijabinta, idan aka tambaye ta sai ta ce duk abin da Maigida ya gani. Na san wannan shirun, alkunya ce a gaban miji da uwa da likita namiji, kuma kuskure ne babba ma'aikacin lafiya ya rubuta shi a matsayin amincewa. Na nemi a ba ni ita, muka koma ɗakin awo mu biyu. Ban gama rufe ƙofa ba ta ce, "Anti, idan aka sa mini na ƙarfen nan, na gama haihuwa ke nan?" Ta ce 'yarta ɗaya, tana son ko da biyu ne su ƙaru, kuma ba ta iya faɗin haka a gaban mutumin da ya sayar da dukiyarsa dominta.

Amsar gaskiya ita ce mai bawul ɗin ƙarfe tana iya haihuwa, amma cikin yana da haɗari sosai a gare ta da abin da ke cikinta. Ciki yana ƙara wa jini saurin daskarewa. Warfarin shi ne ya fi kare uwa, sai dai yana ratsa mabiyiya ya isa ga ɗan tayi, yana iya nakasa ƙashinsa da hancinsa idan aka sha shi tsakanin mako na 6 da na 12, haɗarin kuma ya fi yawa idan abin da ake sha a rana ya wuce miligiram 5, yana kuma ƙara yawan ɓari. Idan aka sauya shi da allurar hefarin, wadda ba ta isa ga ɗan tayi, sai haɗarin ya koma kan uwa, domin a lokacin sauyin ne bawul ya fi toshewa, allurar kuma sau biyu ake yin ta kullum tare da wani gwaji na musamman da ba kowane ɗakin gwaji ke yin sa ba. Rajistar ROPAC ta ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai, wadda take tattara bayanan masu ciki da ke da ciwon zuciya, ta wallafa a 2015 cewa kashi 58 cikin 100 ne kawai na masu bawul ɗin ƙarfe suka kai ƙarshen ciki da jariri a raye ba tare da wata babbar matsala ba, masu na nama kuwa kashi 79, kuma kusan kashi 5 na masu ƙarfen bawul ɗinsu ya toshe da gudan jini. Saboda haka ne ƙa'idojin Turai, duk da maganar shekaru, suka ce a duba yiwuwar sa na nama ga matashiyar da take son ɗaukar ciki. Likitar zuciya da take ganin matar a kilinik, wadda ita ce take karɓar masu ciki idan abu ya ɓaci, a nan ta tsaya.

Akwai abu ɗaya da ya sa ƙofar na nama ta kasance a buɗe gare ta. Da yawa daga cikin masu wannan cuta bugun zuciyarsu yana rikicewa ya daina bin tsari, wanda hakan kansa yake wajabta shan warfarin ko da wane irin bawul aka sa. Da tana cikinsu, da babbar fa'idar na nama ta tafi. An yi mata awon bugun zuciya sau biyu, aka same shi daidai.

Sai maganar gwaji. Na zauna da ita muka bi rayuwarta dalla-dalla, domin warfarin magani ne da yake shiga har cikin tukunya. Ganyaye irin su zogale da alayyahu da rama da kuka, har da ugu da ewedu da ta saba ci a nan Legas, suna ɗauke da bitamin K wanda yake rage masa ƙarfi. Ba a hana cin su, abin da ake so shi ne kada a ci da yawa wannan mako a daina mako mai zuwa. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac da ake saya a kemis ba takarda suna ƙara haɗarin zubar jini, haka jiƙe-jiƙe da agbo da ba a san abin da ke cikinsu ba, ƙaho da sakiya kuwa sai a haƙura da su. Jinin al'ada ma yakan ƙaru. Daga gidansu zuwa asibitinmu, idan aka yi rashin sa'ar cunkoso, rabin yini ne, kowace shekara kuma takan tafi ƙauyen mijinta ta yi wata biyu, inda babu wurin gwajin INR kusa. Binciken REMEDY ɗin da na ambata ya sami cewa a cikin waɗanda aka yi wa gwajin, waɗanda nasu yake inda ake so ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. Bawul ɗin ƙarfe da aka yi wa lissafin tsawon rai a Kalifoniya yana tafiya ne da gwajin da ake samu a kan kari, wannan sharaɗin kuwa ba kowa ne yake da shi a nan ba.

Mahaifiyarta ta zo da nata damuwar. Ta ji a unguwa cewa zuciyar alade ake dasa wa mutane, ta ce ita ba za a sa wa 'yarta najasa a ƙirji tana salla da ita ba. Mijin ya je ya tambayi malaminsa, aka gaya masa ƙa'idar da aka sani a fiƙihu cewa lalura tana halatta abin da aka hana idan babu makawa, amma idan akwai madadi sai a ɗauki madadin. Madadin kuwa yana nan. Likitan fiɗa ya tabbatar musu cewa na tantanin saniya zai nema, na kuma nuna wa mahaifiyar rubutun da ke jikin kwalin na fassara mata. Na ga yadda hankalinta ya kwanta, na kuma fahimci cewa da ba a yi wannan bayani ba, da wannan magana kaɗai ta isa ta hana aikin.

Da izininta na gaya wa likitar abin da ta faɗa mini, aka sake zama. A wannan karon ita ce ta yi magana, a hankali, tana kallon ƙasa: "Maigida, ka yi haƙuri, na san wahalar da ka sha. Ni dai na fi son na saniyar." Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya tambayi likita ko idan wannan ya tsufa za a iya sa na ƙarfe a karo na biyu. Aka ce masa haka aka saba yi ga wadda ta gama haihuwa. Ya ce to a yi yadda take so.

Ni a ganina zaɓin ya dace da ita, amma ban bar ɗakin da sakakkiyar zuciya ba, kuma ba na son mai karatu ya ɗauka cewa an sami hanya marar haɗari. An ɗauke mata haɗarin kowace rana da na goyon ciki, aka tara shi wuri ɗaya a gaba, a ranar da ba a sani ba. Akwai hanyar sa sabon bawul cikin tsohon na nama ta jijiya ba tare da buɗe ƙirji ba, sai dai tsadarta ta sa ba abin da talaka zai dogara da shi ba ne. Tsoron likitan fiɗa na nan daram. Da matar nan ta haifi 'ya'yan da take so, ko kuma da a ce gidanta yana kusa da wurin gwaji kuma bugun zuciyarta ya rikice, da ni ma na ƙarfe zan ce a sa mata. Saboda haka muka ɗaure zaɓin da sharuɗɗa, muka rubuta su a katinta da Hausa: kada ta ɗauki ciki sai likita ya duba ya ce zuciyar ta murmure, idan an ba da izini kada a ja lokaci, a yi eko kowace shekara ko da tana jin garau, ta ci gaba da allurar fenisilin ta benzatin kowane mako huɗu don kada cutar ta koma kan sauran bawul ɗin, ta kula da haƙoranta domin ƙwayoyin cuta daga baki suna iya kama bawul, a kuma fara tara kuɗin aiki na biyu tun daga watan da aka sallame ta.

An yi aikin lafiya, ta yi kwana biyu a ɗakin kulawa ta musamman, aka sallame ta cikin mako na biyu da warfarin na wata uku, ana son INR ɗinta ya zauna tsakanin 2 da 3. Waɗannan watanni uku sun nuna mana abin da muke hasashe. A mako na biyar ta zo dasashinta yana zubar da jini, ga shatar baƙin jini a cinyarta ba tare da ta bugu da komai ba, gwaji ya nuna INR ya haura 5. Da na bincika sai ta ce ciwon ciki ta yi, aka sayo mata Flagyl a kemis, maganin da yake ninka ƙarfin warfarin. An dakatar da maganin na kwana biyu aka daidaita. Sau biyu kuma ta rasa ranar gwaji, ɗaya saboda ruwan sama ya tare hanya, ɗaya saboda 'yarta ba ta da lafiya. Mace ce mai kiyayewa, ba ta taɓa tsallake ƙwaya ɗaya ba, amma duk da haka abin ya kuɓuce mata sau uku cikin kwana 90.

Bayan shekara ɗaya da wata biyu ta zo eko. Bawul ɗin yana buɗewa yana rufewa yadda ake so, kumburin ya tafi, ta hawo benen kilinik ɗinmu ba ta tsaya ba, matashi ɗaya kuma take kwana da shi. Likitar ta ba ta izinin ɗaukar ciki, da sharaɗin ta zo da zarar ta ga batan wata, a haɗa ta da likitan mata tun daga farko. Na tambayi mijin maganar tarin kuɗi. Ya ce ya sayi maraƙa biyu ya aika ƙauye wurin ƙaninsa a kiwata da sunan aikin, ya kuma shiga adashe a mayanka, amma watanni uku da suka wuce bai samu ya zuba ba saboda kasuwa ta yi nauyi. Na rubuta hakan a fayil ɗinta, a ƙarƙashin sakamakon eko, na ba ta ranar dawowa.